Gidan Benen Bakin Kasuwa

Da daminar shekarar da Sarauniyar Ingila ta ziyarci Arewa, wata safiyar Laraba, na sauko ɗibar ruwa na tarar da tarwaɗa tana iyo a zauren gidanmu. Kogin Haɗeja ya cika ya batse, ya ratsa fadama ya shigo unguwa. Ni da ƙawata Hansatu muka yi ta bin kifin da ƙwarya muna dariya. Mahaifina kuwa gindin bango ya ƙura wa ido. Can ya ce, "Ginin ƙasa ba ya shiri da kwantaccen ruwa."

Wani falken fata ne ya gina gidan da tubali da azara, ɗakuna sama da ƙasa, ya zuba baƙi 'yan haya. A lokacin abin kunya ne magidanci ya zauna da iyalinsa a gidan da ba na ubansa ba, shi ya sa 'yan gari suke ce mana marasa tushe. Mu daga Miga muka zo, Baba yana dillancin busasshen kifi. Akwai Barebari, akwai wani tela Bayarabe, akwai iyayen Hansatu, Fulanin da ciwo ya ƙarar musu da shanu. Rijiya ɗaya, turmi biyu, hayaƙin murhu bakwai yana haɗuwa a tsakar gida. Faɗa a kan igiyar shanya ba ya ƙarewa, amma duk wadda ta sauke tukunya sai ta zuba wa 'ya'yan maƙwabta. Mu yara muna carafke a kan matakala, muna kai wa Iya Falmata ruwan alwala, wata makauniyar tsohuwa da ke ɗakin ƙarshe a sama, ba ta da kowa.

Ruwan bai janye ba. Bango ya jiƙe ya fara tsagewa, mutane suka shiga kwashe kaya. Iya Falmata ta ƙi sauka. Inna ta je ta durƙusa tana lallashinta, tsohuwar ta ce, "'Yata, a nan na san inda komai yake. In kun fitar da ni, a lokacin zan makance." Washegari da hantsi matakalar ta rufta. Baba ya aro tsani, ya goyo ta da zanen Inna, ya sauko da ita, tana ta kiran butarta da aka bari.

Da kaka ta yi, En'e, hukumar gari ta lokacin, ta ce a rushe gidan kafin ya kashe wani. Aka kawo fursunoni da diga. Ina tsaye na ga bangon ɗakinmu ya buɗe wa duniya, har da baƙin da fitilarmu ta yi masa. Iyayen Hansatu suka hau jirgin ƙasa zuwa Nguru, ban sake jin labarinta ba. Iya Falmata ta bi mu bukkar zanar da muka kafa a bayan gari. Ta daina magana, ta daina neman hanya da hannu, kafin rani ya ƙare ta rasu.

Yau shaguna ne a wurin, masu Keke Napep suna jiran fasinja a inda rijiyarmu take. Gidajen haya sun cika gari, ba mai zagin kowa, amma maƙwabci bai san sunan maƙwabcinsa ba. Na tambayi matasan wurin ko sun taɓa jin Gidan Bene, suka ce a'a. Mu da aka ce ba mu da tushe, ashe shi ne tushen namu.