Ruwa Mai Kyau a Tukwanen Yaya

Daga Allah muke, gare shi za mu koma. Ranar Talata, tara ga watan Maris, Allah ya karɓi ran yayata bayan doguwar jinya a asibiti.

Yaya, a cibiyar binciken noma inda kika ƙarar da ƙuruciyarki, Mai Gishiri suke kiran ki, kuma ba don ƙauna ba. Laifinki shi ne kina shayar da auduga ruwan gishiri a ɗakin gilashi. Wadda ta rayu ki ɗebi irinta ki sake shukawa, ki ƙara mata gishiri kaɗan, shekara da shekaru. Da na tambaye ki wace irin mugunta ce wannan, kika yi dariya kika ce halittar shuka kamar rubutu take: baƙaƙen ba sa canzawa, amma wahala tana ɗora musu wasali, sai karatun ya sauya. So kike ki ga ko 'ya'yan audugar za su gaji wasalin. Kin gaya mini, kin kuma gaya wa duk mai kunne a wurin, cewa in aka ba su hutu alamar na iya gogewa, a koma farko.

Ba don suna kike yi ba. Na ga ranar da wani tsohon manomi ya kawo miki ƙasar gonarsa a ƙulle cikin tsumma, ta yi fari fat saboda gishiri. Kika zaunar da shi a kujerarki, kika ɗanɗana ƙasar da harshenki, kika ce masa, “Baba, kada ka sayar da gonar nan tukuna.” Har yau bai sayar ba, yana jiran ki.

Shugaban sashenku kuwa, a gaban taro ya ce wai kina koya wa auduga hadda, 'yan amshin shatansa suka bushe da dariya. Shi ne ya zo gaisuwa yana ƙamshin turare, ya durƙusa gaban mahaifiyarmu.

“Inna, ki kwantar da hankalinki,” in ji shi. “Ba mu bar shukokinta cikin wahala ba. Tun da ta kwanta na sa a daina ba su gishirin nan, a koma ruwa mai kyau. Sun yi shar, har sun ba da iri.”

Tsohon irin da kika adana ma, ya ce an juye shi cikin na kowa don a sami wuri. Inna ta sa masa albarka, don ba ta san me ta ji ba. Mijinki ya tashi ya fita. Ni kuwa na tuna yadda kike tambayar duk wanda ya zo dubiya daga wurin aiki, su ce miki audugarki tana nan lafiya lau. Ashe gaskiya suke faɗa, marasa kunya.

Jiya shugaban ya aiko wai in zo in ɗauki tukunyar auduga ɗaya don tunawa da ke. Na ce ya riƙe abinsa, wannan ba audugarki ba ce.

Allah ya jiƙan ki, Yaya, ya haskaka kabarinki, ya biya ki ladan wahalar da aka zubar. Allah ya ba Inna da mijinki da 'ya'yanki haƙuri, ya duba tsohon nan da gonarsa. Shi kuwa shugaba ban yafe masa ba, kuma ba zan yi ƙarya a ta'aziyyarki ba.