Ranar da Teku Ya Ja Baya a Tarut

Ni mutumin Katsina ne, kuma har na zo Riyad aikin tuƙi ban taɓa ganin ruwan da ya fi dam girma ba. A unguwar Gubaira nake zaune, ɗaki ɗaya da wasu 'yan'uwa. Babbanmu wani dattijo ne daga Damagaram, mai gadin sito a Sulai, Baba muke ce masa. Sai abokina mutumin Maraɗi da ke sauke kayan gwari a kasuwar Aziziya, dogo, mai yawan dariya. Ya ɗan girme ni, shi ya sa nake kiransa Yaya.

Da hutun ƙaramar Sallah ya zo, kafil ɗina, wato maigidan da nake yi wa tuƙi, ya yi tafiya da iyalinsa, ya ce ina iya fita da motar in dai zan kula da ita. Yaya ne ya dage sai mun je mun ga teku. Wani abokin aikinsa ya ba shi labarin tsibirin Tarut can gabas, wai gada ce ta haɗa shi da gari, mota na shiga har ciki. Muka ɗauki tabarma da tukunyar dafa-duka da shayi, muka kama hanya bayan sallar asuba.

Da hantsi ya ɗaga muka hau gadar. Na kusa sakin sitiyari. Ruwa dama, ruwa hagu, babu ƙarshensa. Muka sami wuri a bakin gaɓa kusa da wasu magidanta na tsibirin da suka fito shan iska. Maza na gasa kifi, mata na zaune gefe da butocin gahawa, matasa na buga ƙwallo a kan yashi. Abin da ya fi ɗaure mini kai shi ne wasu itatuwa koraye shar da suka tsiro a cikin ruwan gishiri, da wasu tsuntsaye masu dogayen ƙafafu, launin ruwan hoda, tsaye a ciki kamar an dasa su. Baba ya ɗebi ruwan a tafin hannu ya ɗanɗana, ya tofar, ya ce, "Duk wannan ruwa, amma babu na sha. Ikon Allah sai kallo."

Muka yi azahar, muka ci abinci, iska ta kwashe mu da barci a inuwar dabino. Muryar Baba ce ta tashe ni wajen la'asar.

"Ku tashi! Ina ruwan?"

Na miƙe zumbur. Babu teku. Inda muka bar ruwa yana kaɗawa sai laka da yashi, shimfiɗe har iya ganin ido. Kwale-kwalen da muka gani suna lilo a kan ruwa duk sun kwanta a kan haƙarƙarinsu. Nan take na tuna wani bidiyo da na taɓa gani a waya, inda teku ya ja baya kafin ya dawo ya haɗiye gari. Baba ya kama salati da ƙarfi, ni kuwa na shiga laluben makullin mota ina cewa mu gudu.

Wani magidanci daga maƙwabtanmu, mai furfura a gemu da farar jallabiya, ya taso yana dariya. Ya dafa kafaɗar Baba ya yi mana bayani da Larabci a hankali: kullum haka tekun yake yi, ya tafi ya dawo, tun kakanninsu. Ya nuna mana mutanensa da suka nannaɗe riguna suka shiga lakar da bokitai suna tsintar ƙaguwa da katantanwa.

Kunya ta kama ni. Yaya kuwa ya yi ta dariya har da riƙe ciki. Ya cire takalmi ya ce zai je ya tsinto wa 'ya'yansa kwanson katantanwa masu kyau, ya kai musu in ya tafi gida.

"Yaya, kada ka yi nisa," na ce.

"Haba ƙanena, ruwan da ya gudu ne zan ji tsoro?"

Muka zauna shan gahawa da mutumin. Hira ta yi daɗi, har na manta da Yaya. Rana ta yi sanyi sosai lokacin da wata mata ta ƙwalla ƙara tana nuni da hannu. Na waiwaya. Can nesa na hango Yaya, ƙarami kamar tsinke, tsaye a kan wani tudun yashi. Ruwan ya dawo, amma ba ta gabansa ya zo ba. Ta wani kwari ya zagayo bayansa shiru, ya raba shi da mu. Shi kuwa yana sunkuye yana tsinta, bai ma sani ba.

Muka yi ta ihu. Da ya ɗago ya gani, sai ya rugo wajenmu ya faɗa cikin kwarin. Ruwa ya kai masa gwiwa, ya kai ƙugu, ya kai ƙirji. Sai na ga kansa ya nutse, ya ɓullo, ya sake nutsewa. Yaya bai iya iyo ba. Ni ma haka. Na tsaya a gaɓa ina kallo.

Mai furfurar nan bai tsaya cire jallabiya ba. Ya ce "Yalla, mu je!" ya zabura, matasan da ke ƙwallo suka bi shi. Suna gudu cikin laka, suna faɗuwa suna tashi, har suka kai zurfi suka kama iyo. Baba ya durƙusa a kan yashi, hawaye na bin gemunsa, yana ta maimaita sunan Allah. Sai muka ga sun cafko Yaya ta wuyan riga.

Da suka shimfiɗe shi a gaɓa, leɓɓansa sun yi fari. Wani matashi ya juya shi gefe, ya yi ta amayar da ruwa, sannan ya ja wani dogon numfashi mai ƙara. Ya buɗe ido ya kalle ni ya ce, "Ƙanena, ban ji zuwansa ba. Wallahi ban ji ba."

Mutanen tsibirin suka kewaye mu. Wannan ya kawo tawul, wancan ruwan sha. Suka so a kai shi asibiti, ya ce ya ji sauƙi. Mutumin da ya cece shi ya aika gida aka kawo jallabiya busasshiya aka sa masa, suka hana mu tafiya sai da muka yi magariba tare muka ci gasasshen kifi. Ni dai ban ji ɗanɗanonsa ba.

A hanyar dawowa, Yaya ya jingina da taga, lokaci-lokaci jikinsa ya yi rawa ya daina.

Bayan hutu ya koma sauke tumatir a Aziziya. Wata Juma'a na tarar ya wanke jallabiyar ya goge, ya ninke ta a kan katifa. Ya ce in zan sake bi ta gabas in mayar wa mai ita. Sai a lokacin muka dubi juna, ni da shi da Baba, don duk cikinmu babu wanda ya tambayi mutumin sunansa.