Ƙasar da Na Tankaɗe wa Illo Dogo

Illo Dogo mahaƙin rijiya ne, mutumin Yekuwa. Idan ya murza ƙasa a tafinsa sai ya faɗa maka gaba nawa ya rage a iske ruwa. Saura shekara biyu Faransa ta tafi, Nasara masu neman wani dutse suka ɗauke mu aiki, ni da shi, a kamyo, babbar motar kaya, zuwa arewa, can bayan Agadas.

Inji na huda ƙasa, garin dutse na fitowa. Duk zurfin gaba guda a ɗebi garin a ƙulle cikin ƴar jaka, Illo ya shafa mata alamarsa. Nasara ya kara wani akwati a jikin jakar. In akwatin ya yi ƙara sosai, wurin na da arziki. Ni ne mai cika jaka.

Na shekara goma ina kai gyaɗa sikeli a Magariya, na san Nasara ba ya karɓar kaya da tsakuwa. Sai na riƙa tankaɗe garin, in zubar da farin yashi, in bar mai ruwan ɗorawa. A ganina gyara nake yi. Akwati ya yi ta kuka, Nasara na ta murna. Aka sa mutum sittin haƙa rami, kwana arba'in, ba a sami abin kirki ba.

Aka tara mu. Tafinta ya ce, "Alamar wa ke jikin jakunkunan nan?"

Illo ya ce, "Tawa ce."

Ina tsaye kusa da shi, na yi shiru. Aka kore shi.

Labari ya riga shi isa gida, wai Illo ya yi ha'inci. Daga Waca har Kwaya ba wanda ya ƙara kiransa rijiya. Ya koma yi wa mutane noman ƙwadago.

Bayan damina biyu na dawo, na iske shi yana gyaran danga. Na durƙusa na ce, "Yaya Illo, ni ne na tankaɗe ƙasar nan."

Bai ɗago kai ba. "Na sani, Hamman. A kayanka na ga rariyar, ranar da zan taho."

"Ka yafe mini."

"Ni na yafe tun a hanya. Amma ba ni ke ba da aikin rijiya ba. Jibi kasuwar Waca ce, maigari na zama bakin rumfar mahauta, can za ka faɗa a gaban jama'a."

Kasuwa uku ta ci kafin ƙafata ta kai ni wurin.