Kujerar Mai Rakiya

Mahaifina mutumin Bida ne, kuma in kana neman wanda ya ɗauki gaisuwa sana'a, to shi ne. Muna yara a unguwar Limawa a Minna ba ma son a aike mu tare da shi, don tafiyar da za ka yi kafin shayi ya huce, da Baba sai rana ta take. Duk dattijon da ya hango zai tuɓe takalmi, ya durƙusa har ƙasa, ya tambayi gida da gajiya da yara da awaki. Mu kuwa muna tsaye a gefe muna sosa ƙafa.

Sai ciwon shanyewar ɓarin jiki ya same shi. Allah ya taimaka bakinsa ya dawo, hankalinsa garau, amma ƙafar hagu da hannun suka ƙi. Muka sayo masa keken marasa lafiya, ya hau, ya ce ya gode, daga nan bai ƙara leƙa ƙofar gida ba. Ɗaurin aure, suna, ta'aziyya, duk sai ya ce a kai gaisuwarsa. Abin yana cin raina ƙwarai, domin mutum ne da zama cikin jama'a shi ne abincinsa.

A shekarar da 'yata ta fari za ta yi saukar Alƙur'ani a Islamiyyar unguwa, aka sa ni cikin masu shirya taron. Da yake za mu tare layi mu kafa rumfuna, ni aka tura ofishin ƙaramar hukuma neman izini. Matar da na tarar a ofishin ta zayyana mini sharuɗɗa: a bar hanya mai faɗi a tsakiya, a rufe kwata da katako mai ƙarfi, a ware wuri a sahun gaba don mai keke ko mai sanda, ba can baya kusa da masu sayar da ruwa ba, sannan a ajiye kujera a gefensa don mai rakiya. Na fito ina gunaguni kamar yadda na saba, wai taron unguwa ma sai an koya mana shimfiɗa tabarma. Ban kai bakin titi ba na yi shiru, saboda na tuna akwai mai keke a gidanmu.

Daga ranar na zama ɗan sandan sharuɗɗan nan. Na tsaya a kan kafinta har ya gaji da ni, na hau katakon na yi tsalle don in ga ko zai karye, 'yan kwamiti suna ta yi mini dariya. Da komai ya kammala na shiga wurin Baba da murnata.

"Baba, an gyara hanya tun daga ƙofarmu har gaban malamai. Ba wanda zai ɗaga ku, turawa kawai zan yi."

Ya ce, "Allah ya yi maka albarka. Ka kai gaisuwata."

Na fito tsakar gida raina a ɓace. Inna tana tsintar shinkafa, ba ta ko ɗago ba ta ce, "Kai kana ta fama da kwata. Wa ya ce maka kwata ce ta hana shi fita? Kaka zai zo, kuma a tabarma zai zauna."

Kaka shi ne tsohon da ya riƙe Baba lokacin da ya zo Minna yana saurayi, ya ba shi ɗaki, ya koya masa ɗinki, ya nema masa auren Inna. Tunda nake ban taɓa ganin kan Baba ya fi na Kaka tsawo ba. Ko Kaka ya zo duba shi a gida, sai Baba ya sa mun sauko da shi kan tabarma kafin a ce ya shigo. A bainar jama'a kuwa, ya zauna a bisa keke Kaka yana ƙasa, ya kasa durƙusa masa, wannan a wurin Baba ya fi ciwon zafi. Babu kafintan da zai gyara mini wannan.

Ranar taron da hantsi layi ya cika. Hanyar tsakiya tana nan fes, har wata makauniya da jikarta da wani dattijo mai sanduna biyu suka bi ta cikin sauƙi, na ji daɗin hakan. Amma wurin da na ware wa Baba yana nan fayau, da farar kujerar roba a gefensa, wadda na ajiye wa kaina. 'Yata tana cikin sahun masu sauka, tana ta waiwayen wurin.

Sai ga Kaka ya iso yana dogara sanda. Aka taso ana nuna masa tabarmarsa, shi kuwa ya tsaya yana kallon kujerar. Ya ce, "Kai ɗan tela, wannan ta wace ce?"

Na durƙusa na yi masa bayani, na ce hukuma ce ta ce a ajiye don wanda zai raka mai keke. Ya dubi ƙofar gidanmu. Sannan ya juya a hankali ya zauna a kanta, ya jingine sandarsa.

"To, ga mai rakiya ya zo. Je ka kawo mini wanda zan raka. Ka ce masa gwiwoyina sun daɗe suna roƙon kujera, kunya ce ta hana ni."

Na shiga na faɗa wa Baba kalma da kalma. Ya daɗe yana kallon hannunsa. Can ya ce, "Miƙo mini hulata."

Na turo shi ta kan katakon, ta tsakiyar jama'a, mutane suna ta miƙo hannu. Da muka isa sai na ji yana zamewa gaba, yana neman sauka ƙasa da ƙafarsa mai lafiya. Kaka ya ɗora hannu a gwiwar Baba ya danne. Sai Baba ya dafa ƙirji ya sunkuyar da kai iyakar yadda zai iya. Kaka ya sunkuyar da nasa. Baba ya ƙara, Kaka ma ya ƙara, har hulunansu suka haɗu. A haka suka fara da Nufanci, gida da gajiya da yara da awaki, ƙasa-ƙasa.

Malamai suka dakata da buɗe taro har suka gama, kuma sun daɗe ba su gama ba. Ni ne a tsaye a gefe kamar dā, ba ni da kujera, kuma a karon farko a rayuwata ban so gaisuwar Baba ta ƙare ba.