Rudaina da Turmin Abu Miflih

Nayif ya ci amanar tsofaffi. Shekara shida yana shugabantar gidan kula da su a bayan garin Madaba, duk wanda ya ɗaga murya sai ya sa a ɗura masa ƙwayar kwantar da hankali, don ma'aikata su huta. Uban wani, a mai da shi gawa mai numfashi!

Rudaina, ma'aikaciyar jinyar da ta yi ritaya makon jiya bayan shekara ashirin da shida, ita ce ta ƙi. Kullum da safe, kafin ta taɓa tiren magani, sai ta bi gado-gado ta gaida kowa da sunan ɗansa na fari.

Cikinsu akwai Abu Miflih, dattijon makiyayi da mantuwa ta kama. Gari na wayewa sai ya hau dukan ƙarfen gado da cokali. Aka ce tada hankali yake yi, aka ninka masa ƙwaya. Yawu ya riƙa dalala, ya faɗi sau biyu, ko ruwa sarƙe shi yake yi. Hannun dai bai daina ba.

Wata safiya Rudaina ta tsaya ta kasa kunne. Dukan da tsarinsa: uku a tsakiya, ɗaya a gefe.

Ta sami Nayif ta ce, "Ustaz, wannan ba hauka ba ne. Gahawa yake dakawa a ransa, da ƙarar turmi yake kiran baƙi. Haka kakana yake yi."

Ya ce, "To ki gaida min baƙin. Ki ba shi maganinsa, ko ki ajiye min makullai."

Ba ta zubar da ƙwayar a ɓoye ba, ta san yanke ta farat ɗaya haɗari ne. Ta rubuta abin da ta gani ta kai wa likita, shi ya yi ta rage ta kaɗan-kaɗan. Ita kuma ta kawo wa tsohon turmin gahawar kakanta.

A mako na bakwai tsohon ya ɗago ya dube ta. "Ke 'yar wace ce, kin tsaya ƙerere kamar an dasa ki? Zauna! Ba a shan gahawata a tsaye."

"Na zauna, Baffa."

Likita ya bi takardun sauran tsofaffin, ya tarar mutum goma sha tara suna haɗiyar abin da ba sa bukata.

Ke ce kika saurara, Rudaina, lokacin da rufe baki ya fi sauƙi. Mun gode, Allah Ya ba ki mai saurarenki ranar tsufa. Duk mai riƙon tsoho ya yi koyi da ke.

Shi kuwa Nayif, hukuma ta kore shi, ta haramta masa riƙon gidan tsofaffi har abada.