Alƙalin da Ya Zauna Jiran Ruwan Sama

Ina shan koko da safen nan labari ya iso ni: Allah Ya yi wa Mai Shari'a Alhaji Haliru rasuwa. Innalillahi wa inna ilaihi raji'un. Kokon yana nan a gabana, ya huce.

Za ku ji ana ta faɗin gyaran da ya yi wa kotunan jiha, lokacin da aka ba shi kwamiti bayan ya yi ritaya. Ni dai indararo na sani.

Zamanin soja ne, a unguwar Kwarbai. Indararon maƙwabcina Malam Tanimu yana zuba a gindin ɗakin Inna, mahaifiyata. Kowace damina bango sai ƙara ramewa yake, ita kuwa ta ce ba ta barin ɗakin da aka kawo ta amarya. Muka je kotu. A ɗage, a dawo, a ɗage, har ni da Tanimu muka daina gaisawa.

Rannan sai ga dattijo a zaurena da lema a hammata, ashe Alhaji Haliru ne da kansa. Ya ce ya ga fayil ɗinmu, ya zo sauraren shaida.

Na ce, "Ranka ya daɗe, ina mai shaidar?"

Ya nuna sama.

Haka ya riƙa zuwa bayan la'asar, ya zauna yana kallon gabas, yana ɓarar gyaɗar Inna. Mai shaidar ba ya gaggawa, shi ma haka.

Ran da hadari ya haɗo, ya sa aka kira Tanimu. Muka tsaya mu uku a lema ɗaya, ƙamshin ƙasa na tashi, ruwa na gangarowa jawur da ƙasar ɗakin Inna, yana bi ta ƙafafunmu.

Can Tanimu ya ce, "Ashe haka yake yi?"

Washegari Tanimu ya zo da magini.

Daga baya doka ta fito daga kwamitinsa: rigimar gida ko gona, sai alƙali ya taka ya gani da idonsa. An ce ƙananan alƙalai sun sha ƙorafin taɓo a takalmi.

Ganinmu na ƙarshe a ƙofar gidansa ne a Ƙofar Kibo, ido ya riga ya tafi. Da jin muryata ya ce, "Malam Sani, bangon yana tsaye?"

Yana tsaye. A ɗakinta Inna ta cika, kuma Tanimu ne ya fara kama makara.

Allah Ya jiƙan Alhaji Haliru, Ya saukar da rahama a kabarinsa kamar ruwan ranar nan. Wanda duk ya karanta, don Allah ya sa shi a addu'a.