Ranar da Inna ta ajiye lasifika

Shekara tara ke nan da rasuwar mahaifiyata, Hajiya Rakiya, wadda duk zangon Faraku ke kira Inna. Ina rubuta wannan ne a shagona na kago, wato na aika kaya, da ke kasuwar Murshid Bazaar a Dubai, ana ta ɗaure kwalaye a bakin ƙofa. Ɗazu a wajen mai shayi wasu samari biyu, ɗan Damagaram da ɗan Kano, suka kaure da gardama kan wani bidiyo, kowa na maimaita taken da ake rerawa a dandali can gida. Har na ɗan waiga, kamar zan ce, Inna, kin ji su?

Yaran yanzu ba su san zamanin ba. Na tashi a Jamhuriyar Benin lokacin da jam'iyya ɗaya ce tak, gwamnati kuma ta ce gurguzu ne hanya. Kullum safe a makaranta sai mun ɗaga hannu a dunƙule mun amsa take kafin mu zauna. Aka ce kowa ya riƙa kiran kowa kamarad, babu babba babu yaro. Ranar da wani matashi ɗan kwamitin unguwa ya kira limaminmu haka, Inna ta bi shi har gidansu, ta sa ya koma ya durƙusa ya gaida malam. Amma ita ɗin ce shugabar matan jam'iyya a unguwar.

Ba ta yi boko ba. Atamfa take sayarwa a kasuwa, muryarta kuwa ana jin ta daga wannan layi zuwa wancan, shi ya sa aka ba ta lasifika. Da Faransanci ake taken, ita kuma ta ƙi faɗin abin da ba ta san ma'anarsa ba. Ƙanenta, Kawu Sani, malamin firamare, shi yake zama ya fassara mata: gona ta mai noma ce, ma'aikaci ne mai ƙasa, kada wani ya ƙoshi maƙwabcinsa na kwana da yunwa. Ta ce ai wannan ba baƙon zance ba ne, ta sha jin sa a wa'azi. Da gaske ta yarda. Ita ta riƙa bin gida-gida tana fito da matan aure zuwa ajin yaƙi da jahilci, mazansu na ɓata rai.

Sai albashi ya daina zuwa. Wata ya bi wata shiru, malamai suka shiga yajin aiki. A wani taro Kawu ya miƙe ya tambaya, in ma'aikaci ne mai ƙasa, me ya sa 'ya'yansa ke kwana ba tuwo? Ba a jima ba wasu mutane suka zo da mota suka tafi da shi, ba wanda ya san inda aka kai shi. Bayan nan shugaban kwamiti ya yi sallama a gidanmu.

"Kamarad Rakiya, gobe akwai gangami. Ke za ki ja take, a la'anci maƙiyan juyin juya hali."

"Su wa ke nan?"

"Masu yajin aiki."

"Har da Sani?"

"Juyi ba shi da ƙane," in ji shi.

Washegari ina cikin layin 'yan makaranta a filin gangamin. Inna ta hau dandamali, ta karɓi lasifika, jama'a suka ɗaga hannu suna jira. Sai ta yi magana da Hausa, a natse: "Jama'a, shekara da shekaru ina faɗa kuna amsawa. Yau tambaya gare ni. Ina aka kai Sani?" Hannuwa suka fara sauka ɗaya bayan ɗaya. Ta ajiye lasifikar a kan tebur, ta gyara mayafinta, ta kama hanyar gida. Mata kaɗan suka bi ta, sauran suka sunkuyar da kai. A makon aka karɓe rumfarta, ta koma talla da atamfa a ka. Kawu ya dawo bayan watanni, kunnensa ɗaya ba ya ji.

Da mulkin ya faɗi, waɗanda suka fi kowa ɗaga hannu su suka fara zagin gurguzu. Ban taɓa jin Inna ta zage shi ba, ban kuma ƙara jin take a bakinta ba.

A shekarunta na ƙarshe na kawo ta Dubai a duba mata ido, ta daɗe tare da mu a Al Nahda. Halin nan bai bar ta ba, duk allon talla da muka wuce sai na fassara mata. Wata rana na tafi da ita sitona a Al Warsan. Ta tsaya tana kallon manyan motoci na sauke ma'aikata, ga shanyarsu a tagogin masaukinsu.

"Su suka gina dogayen gidajen can?"

"Su ne, Inna."

"To Sani bai yi ƙarya ba. Su ke yi, wasu ke shiga."

Na ce aƙalla a nan ba mai tilasta maka ɗaga hannu, in ka yi aikinka khalas, shi ke nan. Ta ce gaskiya ne, kuma ba ƙaramin abu ba ne. Daga wannan Juma'ar ta fara tuƙa tuwo da miyar kuka, ina kai wa samarin ƙasarmu da bizarsu ta ƙare suka rasa aiki. Ba ta daina ba har ta koma gida, inda ta rasu.

Da tana nan yau, ba na jin za ta yi wa samarin mai shayi dariya. Ta san daɗin faɗa a amsa, ta san yunwar da ke sa mutum ya amsa. Ina jin za ta ce su fassara mata kalma-kalma, sannan ta tambaye su me za a yi da wanda ya ƙi amsawa.

Ba ta bar mana gida ko rumfa ba, taken kuma na manta yawancinsu. Na daɗe ina tunanin ko abin da ta yi a filin nan ya amfani wani, tunda ba shi ya sa aka saki Kawu ba. Jiya na buga masa waya, ya tsufa, sai an ɗaga murya yake ji. Ya gaya min abin da bai taɓa faɗa ba. Ya ce waɗanda suka tsare shi sun so ya lissafa sunayen abokan aikinsa, kuma wahala ta kai shi ya yanke shawarar yi. Sai wani mai gadi ya raɗa masa abin da yayarsa ta yi. "Daga nan bakina ya yi nauyi, ban ba da sunan kowa ba," in ji shi. "Mutanen nan sun mutu a gidajensu, a gaban 'ya'yansu, ba su san Yaya suke wa godiya ba."

Allah ya haskaka kabarinki, Inna, ya sa kin huta.